Inda Gatarin Ya Sauka

Jiya wani abokin aikina a Manchester ya tambaye ni ko tsohon wasan kwamfutar nan na mahaya da takubba ya cancanci a buga shi yanzu. Na ce masa e, har yau da daɗinsa. Ban ba shi labarin wata la'asar a gidanmu na unguwar Sparkhill ba.

Lokacin ina da shekara goma sha ɗaya. A cikin wasan na tare wani manomi, na sare shi da gatari a wuya don in ƙwace dokinsa. Jini ya yi tsartuwa, ina ta dariya. Ashe Abba ya dawo daga aiki a asibiti, yana tsaye bayana, hannunsa na warin sabulun tiyata.

Bai yi faɗa ba. Ya kama yatsuna ya ɗora a gefen wuyansa, na ji jijiya tana bugawa.

"Nan ka sare shi," in ji shi. "Ɗazu nan na danne wa wani saurayi da aka soka da wuƙa. Na danne har hannuna ya gaji. Uwarsa tana waje tana jira."

Sannan ya ɗauki abin buga wasan da na ajiye, ya miƙo mini, ya ce, "Ci gaba."

Na kasa karɓa.