Ruwan da Rahama Ta Saukar

"Ƙara wa hadarin duhu," in ji Inna Barira. "Kar yayanki ya damu."

Rahama ta duƙufa kan ordinata, wato kwamfuta. Ta zuba ruwan sama na ƙarya a hoton gonarsu ta Zabori, busasshiyar ƙasa ta yi sheƙi kamar an kwana ana tafkawa. A waje kuwa ko yayyafi babu. Da sanyin jiki ta tura hoton ga yayanta Siddo a Kwatano, inda dakon da yake yi ke ciyar da gidan duka.

Kwana uku sai ga kiransa, yana dariya.

"Inna, na ga ruwa! Na bar wa wani aikina, ga ni Malanbil zan tsallako iyaka. A fiddo sungumi, mu yi shuka kafin ƙasa ta bushe!"