Kogon Da Ya Koyi Magana

Kai da kake ta huci don an ɗauki aikinka an sake masa kama, zauna ka ji wannan misali.

An yi wani malamin lissafi da ya ƙirƙiri wasan kwamfuta tun zamanin da allonta bai san hoto ba, sai haruffa. Wasan kogo ne mai hawa ashirin zuwa ƙarƙashin ƙasa. Wata 'yar alama ita ce kai, harafin k kura ce, m maciji, babban D kuwa dodon da ke can ƙasa yana gadin taska. Duk shigar da ka yi sai kogon ya sake tsari, ƙofar jiya ta zama bango yau. In kuwa ka mutu, ka mutu ke nan, sai ka koma bakin matakala hannu Rabbana. Da ya gama, sai ya saki rubutun da ya gina wasan da shi kyauta, kowa ya ɗauka. Ashe bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Wani ya ɗauka ya haƙa kogi a hawa na biyu, ya sa kwalekwale. Wani ya ɗauki na mai kogin ya ƙara kasuwa. Wani ma, Allah ya shirye shi, ya ba mai wasa rai na biyu. Kafin shekara goma jikokin wasan sun haura talatin, kowanne da sunansa da masoyansa, na asalin kuwa sai 'yan tsiraru ke leƙa shi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Duk wanda ya ambaci ɗayansu a gabansa sai ya taɓe baki ya ce an mayar masa da kogo gidan biki. Abokai suka sha ba shi shawara ya daina sakin rubutun. Yakan yi niyya, sai ya kasa, don shi malami ne, bai iya rufe littafi a gaban mai son karatu ba.

Ana nan sai wata malama mai koyar da makafi ta rubuto masa. Tana so ta sa kogon ya riƙa magana don ɗalibanta, amma ta kasa gane yadda wasan ke lissafa nisa tsakanin mai wasa da abin da ke kewaye da shi. Ya karanta, ya ja tsaki. Wasan da zai gaya maka inda kura take, ai ba wasa ba ne, kuma haka ya rubuta mata a layin farko. Amma a ƙarƙashin wannan layin ya cika shafi huɗu da bayani dalla-dalla, har ya tona mata wani kuskurensa da ya daɗe yana ɓoyewa. Ya aika, ya manta da zancen.

Shekaru suka ja, ciwon suga ya taɓa masa idanu. Da farko ya ƙara girman haruffa, sannan ya matso da fuska har hancinsa na neman taɓa allo, daga baya k da m suka zama abu ɗaya dishi-dishi. Ranar da maciji ya kashe shi a hawa na farko don bai gan shi ba, ya kashe kwamfutar ya lulluɓe ta da zane. Mutum ya gina kogo da hannunsa, ga shi a bakin ƙofa, shiga ta gagara. Bai kai wa kowa kuka ba, amma matarsa takan gan shi da hantsi zaune a tabarma, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa: hagu, dama, ƙasa. Tausayi ya kama ta, ta yi cigiya wurin masu wasan, suka aiko mata da kogon nan mai magana. Wasan ya bi ta hannun mutum huɗu bayan malamar, ya kwaso kogi da kasuwa da duk tarkacen da malam ya tsana.

Ta yaye zanen, ta kunna masa. Murya ta ce yana bakin matakala, ƙofa na damansa, taku uku. Malam ya gyara zama. Ya haye kogin da ya sha zagi, ya ratsa kasuwar. A hawa na uku muryar ta ce akwai kura a gabas, taku biyar. Da ya jira kaɗan, ta ce taku bakwai. Nan take ya gane ta. Shekara talatin da suka wuce shi ya koya mata wannan makirci: ta ja baya taku biyu kamar ta tsorata, sannan ta zagayo ta bayanka. Duk hannuwan da wasan ya ratsa, ba wanda ya taɓa mata hali. Ya san abin da za ta yi sarai, amma duk da haka ta zagayo ta cinye shi. Sai ya fashe da dariya har hawaye na zuba daga idanun nan da ba sa gani.

Matarsa ta ce, “Malam, lafiya?”

Ya ce, “Kurata ce. Tana nan da halinta.” Ya laluba ya danna, ya koma bakin matakala.

To ka ji. Wasansa na asali yana nan tsaf yadda ya bar shi, amma ba ya iya shigarsa. Wasan da ya yi wa tsaki shi ya buɗe masa ƙofa, da shafi huɗun nan da ya rubuta yana gunaguni. Shi ya sa Hausawa suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.