Kwarmin Gwiwar Lawali

Ƙoƙon gwiwar Lawali ya sake gocewa ranar kasuwa, a bakin tabkin Madarumfa, yana cikin ɗora buhun gero kan amalanke. Ya zauna a ƙasa, ya mai da shi wurinsa da tafin hannu, yana tsine wa Alhassan na Safo.

Alhassan ne ya fara goce masa shi, a kokowar kakar 1975, da wata ƙafa da ya sa masa ta gefe. Kafin wannan rana bayan Lawali bai taɓa ƙasa ba. Makaɗa kan yi masa kirari da mazajen da ya kayar, har da wani saurayin garin Sarkin Yamma da ya ɗaga ya buga da ƙasa bayan gwiwar saurayin ta riga ta taɓa rairayi, kokowa ta ƙare. Yanzu ana zaɓen waɗanda za su tsaya wa Maraɗi a kokowar ƙasa, kuma sunan Alhassan ake kira.

Mai ɗori ya ɗaure, ya tofa, ƙoƙon bai zauna ba. Sai Lawali ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa wani gidan likita inda aka ce akwai Baturen lokotoro mai fiɗar ƙashi.

Aka ɗauki hoton gwiwar. Lokotoro ba ya jin Hausa, sai ya kira tafintansa, Malam Adamu, wani siriri mai farar riga da ya yi karatun lakwal wurin 'yan mishan. Adamu ya tambayi sunan majinyacin da garinsu, ya sake tambaya, sannan ya tsaya a gefe.

Lokotoro ya ɗaga hoton wajen taga. Ya lanƙwasa tafin hannunsa kamar mai ɗiban ruwa, ya cusa dunƙulen ɗayan a ciki, ya yi dogon bayani yana murmushi.

"Mi ya ce, Malam?"

"Ya ce ƙoƙon gwiwa cikin kwarmi yake tafiya, kamar ruwa a magudanar lambu. In kwarmin da zurfi, jijiya kawai za a ɗaure, mutum ya koma fili. In shafaffe ne, ko an yanka sai ya sake gocewa, ƙafa kuma ta sandare."

"Nawa fa?"

"Naka kamar faifai. Haka aka haife ka."

"To mi yake ma dariya?"

"Haka suke. Ko mutuwarka za su faɗa maka sai sun buɗe haƙora."

Lawali ya dubi hoton, bai ga komai ba sai fari da baƙi. Ya ce, "Ka ce mishi ya yanka. In dai zan kama Alhassan sau guda, bayan nan su sare ƙafar in sun so."

Adamu ya yi gajeren Faransanci. Murmushin lokotoro ya ɗauke. Ya ɗaga murya, yana buga hoton da yatsa.

"Ya ce ba ya taɓa ta. In ya taɓa, ko noma ya fi ƙarfinka. Kana da iyali?"

"Ina da."

"To ka tuna da su, sarkin fili."

Lawali ya miƙe da ƙyar, ya fita bai yi sallama ba. Bai sake ɗaura warki ba. Ya kama lambu a bakin tabki, gwiwa naɗe da tsumma, yana ban ruwan albasa. In ya ji gangar 'yan kokowa daga nesa sai ya ajiye guga, ya zauna, ya yi ta kiran sunan Alhassan har gangar ta yi shiru. Haka ya tsufa.

Amma a ranar da ya je gidan likitan, bayan fitarsa, lokotoro ya juya ga tafinta ya ce da Faransanci, "Ban gane ba. Kwarminsa da zurfi, jijiya ce kawai ta saki. Kafin kaka da ya koma kokowa. Me ya hana shi?"

"Ya ce tsoron wuƙa yake ji, Lokotoro."

Ranar Lahadi Malam Adamu ya hau kekensa zuwa gida, Sarkin Yamma. Ya shiga ɗaki, ya ciccibi ƙanensa Haruna, da ƙafafunsa suka mutu, daga tabarma ya fitar da shi hantsi, kamar yadda yake yi tun ranar da Lawali ya buga shi da ƙasa bayan kokowa ta ƙare.