Gidan da Ya Karkace

"Hukumar adana gidajen tarihi ta sake hana mu daidaita daɓen gidan nan," ya ce wa matarsa. "Wai katakon daɓen ya shekara ɗari shida, ba a taɓa shi. Tuffa in ta faɗi, sai a jikin bango ake tsinto ta. Mu sayar da gidan gonar nan kawai, dillali na jiran amsarmu."

"Nan aka haifi kakana, maigida. Kai ma ai a karkacen na aure ka."

Bai yi dariya ba. Sai ɗiyarsu, wadda rashin tafiyarta ya daɗe yana damunsu, ta saki ƙafar tebur. Gangaren daɓen ya ja ta, tana tangaɗi tana ƙyalƙyala dariya, har ta faɗa ƙirjinsa.

Ya jima rungume da ita.

"Kira dillalin," ya ce. "Ce masa mun fasa."