Zanen Da Na'ura Ta Ƙi

Sau uku a mako guda Mai Makulli yana ɓatar da makullin ɗakin ajiya, mutumin da shekara ashirin da biyu ko allura bai taɓa yarwa ba. A na huɗu Shugaban ƙungiyarsu ya kira kafinta aka ɓalle ƙofar.

Ƙungiyar masu zane ce ta samo na'ura. Za a ɗauki hoton zane arba'in na Marigayi, wanda ya kafa ƙungiyar, a zuba a intanet kada su salwanta. Injiniya, matar da ta kawo ta, ta ce na'urar tana gane hannun mai zane, ko jabu ɗaya ba ya wuce ta.

"Haskenta zai ci fentin," in ji Mai Makulli.

"Baba, ba ta cin komai sai wuta."

"Baba kuma? Ni? Furfura nawa kika gani?"

"Cire hular in ƙirga."

Ya koma kujerarsa. Sakayyar ke nan. Shi da ya kwashe ruwa da bokiti shekarar da rufin ya yi yoyo, kowa yana gidansa. Shi da ya kulle ɗakin wata takwas da sunan gyaran bango, ya fito da ciwon baya da fenti a farce, ko sannu babu. Yau akwati mai wutsiya ne zai yi masa hisabi.

Kwana biyu ana ɗora zane a kan na'urar ana saukewa. Mai Makulli ya daina cin abinci, har matarsa ta fara tambayar ko korarsa aka yi.

Rana ta uku Injiniya ta tara su. "Talatin da tara hannu ɗaya ne. Wannan ne bare." Ta nuna wani ƙaramin zanen masunta.

Shugaba ya taɓe baki. "Dama ni bai taɓa kwanta min ba. Dubi hannun mutum kamar cokali! Marigayi ba zai yi wannan ƙazanta ba. Mai Makulli, fitar mana da shi."

Ya ɗauka a hankali, ya share ƙurar da hannun riga. Ya so ya ji haushi, ya ma gwada. Amma a bakin ƙofa sai ya waiwayi talatin da taran nan, ya gyara zaman hularsa. Wata takwas ya yi yana zana su; na hammatarsa ne kaɗai na Marigayi da ruwan bai cinye ba.