Gyangyaɗin Mai Waina

An yi wata mai tuyar waina ana ce mata Tasalla, wadda ta shekara ashirin da biyu tana kafa tanda a ƙofar gida. Da ta haura hamsin sai jikinta ya fara yi mata gardama. Takan kwanta da wuri, ta tashi kamar wadda ta kwana daka, kai na sarawa, baki a bushe. Kafin hantsi ya ɗaga gyangyaɗi ya sace ta a kan kujera 'yar tsugunno, cokali a hannu, waina na ƙonewa, masu saye na tsokanarta wai ko su dawo in ta gama mafarkin. Wata safiya hannunta ya zame cikin mai. 'Ya'yanta suka taru suka yanke cewa tsufa ne, in aka kuma za su ɗauke tandar. Ita kuwa ba ta ga tsufan da zai raba ta da sana'ar da unguwa ta san ta da ita ba.

Sau uku tana zuwa asibitin unguwa. Zuwan farko aka ce gajiya ce, aka ba ta maganin ƙarin jini. Na biyu aka ce tunani ne, mata akwai sa abu a rai. A na uku ma'aikacin ya tambaye ta ko tana minshari. Mace mai jikoki, a gaban yaron da ta haifi kamarsa? Ta ce a'a. Ya juya ga maigidanta da ya rako ta, shi ma ya ce bai taɓa ji ba, kuma gaskiya ya faɗa, don yana can turakarsa kusa da zaure, ita tana ɗakinta a ƙuryar gida. To ka ga inda gizo ke saƙar. In numfashin magidanci ya tsaya cikin barci, akwai matar da za ta ji ta girgiza shi, gari na wayewa ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Ita matar ita ke kwana a ƙarshe, ita ke riga kowa tashi, ba wanda ya taɓa tsayawa a kanta ya ga yadda take barci.

Ana haka sai biki ya kai su ƙauye, mata suka kwana ɗaki ɗaya a kan tabarmi. Kusa da Tasalla akwai yayarta Kande, wadda ciwon gwiwa ke hana ta barci. Kande ta ji ƙanwarta na ɗan minshari can ƙasa-ƙasa, sai ɗif ya ɗauke. Shiru, shiru, har ta fara salati, sannan Tasalla ta shaƙi iska da ƙarfi kamar wadda aka tsamo daga rijiya, ta ci gaba da barcinta ba ta san an yi ba. Da abin ya maimaita, Kande ta jawo carbinta, duk ɗaukewa ta ja ƙwaya ɗaya. Kafin kiran assalatu ta zagaye carbin. Da safe ta faɗa mata a bakin murhu. Tasalla ta roƙe ta ta rage murya, surukai na ji. Kande ta ce su ji mana, in Tasalla ta tafi a barci ai su ne za su fara zuwa cin tuwon sadaka.

Ranar Litinin suka koma asibitin tare. Ma'aikacin ya ga fuskar da ya sani, ya fara rubuta maganin ƙarin jini tun ba su gama zama ba. Tasalla ta ɗora hannunta mai tabon ƙuna a kan katin da yake rubutu.

"Ɗana, jinin nan na sha har ya ishe ni. Wancan karon ƙarya na yi maka, kunya ce. Ina minshari, numfashina yana ɗaukewa. Rubuta haka, ka ba ni takardar babban asibiti inda ake gwajin barci."

Ya ce Mama, wannan ciwon an fi saninsa ga maza masu ƙiba da kaurin wuya. Kande ta ajiye carbinta a kan tebur, ta ce sau ɗari ba ɗaya a dare guda, ita ta ƙirga da hannunta, in yana da shaidar da ta fi wannan ya kawo. Ya ce layi ya yi tsawo a waje. Tasalla ta gyara mayafi, ta ce ita ba inda za ta, yau ko ƙullu ba ta jiƙa ba. Suka zauna, shi yana kallon agogo, su suna kallonsa, har ya jawo takarda ya rubuta.

A babban asibiti aka kwantar da ita, aka maƙala mata na'ura a yatsa da ƙirji. Sakamako ya nuna maƙogwaronta na toshewa ne in barci ya yi nauyi, shekara da shekaru tana kwanciya ba ta hutawa. Aka haɗa ta da na'urar da ke tura mata iska ta hanci. Sati biyu da farawa ta toya ƙullu bokiti guda ba ta ƙona ko ɗaya ba, ta aika wa 'ya'yanta cewa mai son tanda ya je kasuwa ya sayi tasa. Ma'aikaci ya yi karatu, maigida yana ƙaunar matarsa, amma wadda ta hana idonta barci tana ƙirga numfashin Tasalla mace ce 'yar'uwarta. Shi ya sa Hausawa ke cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.