Tambayar Kawu Sani

Warin ƙonanniyar waya nake fara tunawa. Shi ya tarbe ni a shagon Kawu Sani, ƙanen Inna, mai gyara wa ɗaliban Kaura kwamfuta. Inna ta sayar da ragon da ta shekara tana kiwo, ta ce in je ya zaɓa mini ɗaya.

Wata biyu na yi ina kwafar bayanai a bayan littafin lissafi: girman ram, saurin inji, da katin hoto mai ɗaukar wasan ƙwallo ba tare da ya tsaya ba. Har layi na ja da rula. Na miƙa masa kaina a sunkuye.

Ya karanta har ƙasa, sannan ya jawo wata baƙa mai fanka biyu ya kai ta hancina.

"Shinshina. Irin wadda kake so ce, janareta ya gasa ta shekaranjiya. Ɗana, sau nawa aka kawo wuta unguwarku satin ga?"

"Sau ɗaya, Kawu."

"To wagga ci gare ta kamar doki. Mi za ka ba ta?"

Ya ɗauko wata tsohuwa mai kaurin batir. "Ba ta wasa, amma tana jure yunwa. Ragon Yaya ɗaya ne."

Da ita na gama karatu. Jiya ɗan ƙanwata ya nuno mini nasa jerin, na yi masa tambayar Kawu. Shi ma ya ce sau ɗaya.